Naruto: naci ne ya ɗaga shi ko gado?

Auta: Ina nan kan bakana. Abin da ya sa Naruto ya shiga ran mutane shi ne labarin yaron da ba shi da komai, ya yi ta naci har ya zama Hokage, shugaban garin Konoha. Sau 3 yana faɗuwa jarrabawar fita makarantar ninja. Masashi Kishimoto ya fara fitar da wannan labarin zane a mujallar Weekly Shonen Jump ta Japan a 1999, ya rufe a 2014 da babi na 700. Ba jifan wuƙaƙe ne ya riƙe masu karatu shekara 15 ba.

Yaya Babba: Auta, ba shi da komai ta ina? Ubansa Minato ne, Hokage na huɗu. Uwarsa Kushina jinin Uzumaki ce, dangin da aka sani da ƙarfi na musamman. A cikinsa ga Kurama, dila mai wutsiya tara, duk sanda ƙarfinsa ya ƙare sai ya ɗebo daga can. In mai naci kake nema, Rock Lee ne, wanda bai iya komai ba sai naushi da shuri. Ka tuna ya kwance ƙarafan ƙafarsa ya sake su, ƙasa ta dare? To me ya biyo baya? Gaara, abokin karawarsa, ya murƙushe masa hannu da ƙafa.

Auta: Amma Yaya, ai Naruto ya kayar da Neji da ke cewa ƙaddarar kowa tun haihuwa take.

Yaya Babba: Daga baya kuma aka ce ruhin Asura, wani babban kakan ninja, shi ne ya dawo a jikin Naruto. Ashe Neji bai yi ƙarya ba. Wannan wurin har gobe yana min ciwo.

Anti Malama: Ƙannena, ku duka kun bar jaki kuna dukan taiki. Ku koma babi na farko. Yaro ne maraya zaune shi kaɗai a kan lilo, yana kallon iyaye sun zo taya 'ya'yansu murna, mata na nuna shi suna raɗa. Ɗan Hokage ne, to wa ya gaya masa? Gadon da kake lissafawa bai taɓa sa wani ya yi masa sannu ba, dilan nan ma shi ya jawo masa ƙyama. Sai Iruka, malamin da wannan dilan ya kashe wa iyaye, ya tare masa makami da bayansa, ya kwance ƙyallen goshinsa ya ɗaura masa. Duk wanda aka taɓa mayarwa saniyar ware ya san abin da yaron ke nema: a san da zamansa.

Yaya Babba: Wannan na yarda, Anti. Amma ƙarshen fa? Yaƙin ƙarshe ya yi tsawo, ga Kaguya, maƙiyiyar ƙarshe, da aka jefo ba shiri.

Anti Malama: Ba na kare ƙarshen. Fim ɗin zanen ma, kashi 220 da kuma 500 na ci gabansa Shippuden, ciko ya yi masa yawa. Ni inda labarin ya kai maƙura shi ne wurin Pain, babban maƙiyin Konoha. Ya kashe Jiraiya, malamin Naruto, ya baje Konoha, sannan ya tambayi Naruto yadda za a tsayar da ramuwar gayya, tunda shi ma 'yan Konoha ne suka kashe masa iyaye. Naruto ya rasa amsa. Ya je har inda Nagato, ainihin mutumin da ke sarrafa Pain, yake, ransa na tafasa, ya zauna ya saurare shi, bai kashe shi ba. Nan babu gado, babu atisaye.

Auta: Haƙurin ma ai naci ne, Anti.

Yaya Babba: A'a, kar ka shigo ta bayan gida. Da farko cewa ka yi ba shi da komai. Ka janye wannan tukuna, sai mu ɗauko maganar Itachi, don a can ma ina da ja.