Garkar gado: a yanka filaye ko a bar wa itace da 'yan makaranta?

Sani Direba: Jama'a, ga maganar da ta taso a garinmu nan bayan Argungu. Tsohuwar garkar wani attajiri da ya rasu tun muna yara, wadda ke bakin fadama, wasu cikin jikokinsa sun ce kada a raba ta. Wai a kewaye, a gyara tsohon soron da ke ciki, a riƙa kai 'yan makaranta suna koyon itatuwa da tsuntsaye. Ni dai na faɗa: wanga almubazzaranci ne. Ƙasar da za ta ba da shinkafa rani da damina, ka bar wa balbela?

Malama Hauwa: Malam Sani, ka leƙa garkar nan kuwa kwanan nan? Duk zagayen garin gatarin masu gawayi ya share, nan kaɗai ya rage inda za ka ga giginya da kanya da ɗinya da kaɗanya wuri guda. Akwai wani gawo a kusurwar gabas, da damina ya kaɗe ganye tas, da rani ya yi kore shar, awaki na tsintar 'ya'yansa a ƙasa. Ina koyar da wannan a aji, ina zana shi da alli a allo, yara na kallona. Da na tsayar da su a gindinsa, ba sai na yi dogon bayani ba.

Sani Direba: Malama, yaron da bai karya kumallo ba, gawo zai ci?

Alhaji Garba: Ku tsaya, kun tsallake babbar magana. Gado ne. Allah Ya riga Ya raba, ba kwamiti ba. A cikin magadan nan akwai zawarawa, akwai marayu. Wasiyya ma ba ta wuce sulusi, balle mamacin bai bar ko ɗaya ba. Jikokin da ke Abuja da albashinsu su ne ke son tsuntsaye, wadda ke saida ƙuli a zaure rabonta take jira.

Malam Usman: Baba Alhaji ya yi gaskiya, kuma ba mai ja. Ba a taɓa kason maraya, ba a tilasta kowa. Amma baligi mai hankali yana da ikon yin wakafi da nasa rabon. Sayyidina Umar ya samu fili a Haibara, Annabi (SAW) ya ba shi shawarar ya riƙe asalin ya sadaukar da amfanin, ba saidawa, ba kyauta, ba gado. Ga kuma hadisin wanda ya dasa itace, duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga gare shi sadaka ne. To masu so su sayi kason marasa so da farashin kasuwa, a gaban alƙali. In ba su da kuɗin, su haƙura da abin da ya faɗo musu.

Bashar: Ni abin da ke ba ni mamaki, mu mutanen Kabi ne ke tambayar ko hana taɓa wuri yana da amfani. Matan Fada fa, kogin da ake bikin kamun kifi na Argungu? Ana hana kamun kifi a wurin sai lokacin biki, Sarkin Ruwa na sa ido, shi ya sa ake fito da giwan ruwan da sai an taru a ɗaga. Tun 1934 ake wannan biki, a 2016 UNESCO, hukumar al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin al'adun duniya. Gidan tarihi na Kanta kuma gidan zama ne, fadar da aka gina a 1831, sarakuna suka zauna ciki har 1942, aka buɗe shi ga jama'a a 1958. Da an yanka shi shaguna, yau ina za mu kai baƙo?

Alhaji Garba: Ɗana, bayan Matan Fada akwai masarauta, bayan gidan Kanta akwai masarauta. Bayan garkar nan wa ke akwai? Shekara biyu waya ta tsinke, mai gadi ya gaji da jiran albashi, sai ka ji sara cikin dare.

Nafi'u daga Gusau: Ku yi haƙuri in sa baki, ni Bazamfare ne. Mu kalmar daji yanzu gabanmu take faɗar da. Kuyambana dajin gwamnati ne da aka keɓe, ku tambayi mutanen Ɗansadau su wa ke kwana ciki. Duk inda aka kori manomi da makiyayi, aka kuma bar wurin ba mai tsaro, wani zai shiga.

Malama Hauwa: Allah Ya kawo muku sauƙi, Nafi'u. Amma ratsa Kuyambana tafiyar kwanaki ce, wannan kuwa daga tsakiyarta kana jin kiran sallar masallacin gari. Kuma ni ban ce a kori kowa ba. A nan ma nake saɓa wa jikokin, don na ji suna maganar katanga da kwaɗo. Matan unguwa sun saba shiga tsintar kaɗe da kalwa tun zamanin mai garkar. Ranar da aka rufe musu ƙofa, an rasa masu gadin da ba sa karɓar albashi. Su ne ke fara jin ƙarar gatari.

Bashar: A Kenya akwai Lewa, wurin kiwon shanu ne na iyali guda, a 1995 suka mayar da shi wurin kare namun daji, har karkanda ke ciki. A Legas ma akwai na Lekki tun 1990, hekta 78, makarantu na ta kai ɗalibai.

Sani Direba: Lewa Turawa ke zuwa da dala. Lekki 'yan Legas ke biyan kuɗin ƙofa. Nan wa zai biya? Firamaren da ba ta da benci? Ni nake jigilar mutane a hanyar Birnin Kebbi kullum, ban taɓa ɗaukar wanda ya ce a kai shi kallon tsuntsu ba.

Malam Usman: Wurin zai iya ɗaukar nauyin kansa in an yi hankali. Gefen da ruwa ke kwanciya a ba da hayarsa ga masu shinkafa, kuɗin ya biya mai gadi da gyaran soro. Tudun da itatuwan suke a bar shi, ai dama shinkafa ba ta yi a nan. A sa amya, a yi renon dashe ana saidawa. Kuma ku tuna ambaliyar 2020 da ta cinye gonakin shinkafa a jihar nan. Wanda ya yanka filin gida a bakin fadama, ya san abin da ya saya.

Alhaji Garba: Wanga ya fi kama da magana. Amma a rubuta, da shaidu, da hatimin hakimi da na kotu, a faɗi wa zai riƙe kuɗin haya da wanda zai tambaye shi. Kuma a fara sallamar zawarawan kafin a sayi waya ko ƙafa ɗaya.

Sani Direba: Ni har yanzu ban sauka ba. Ku fara kawo sunan mai gadin da wanda zai biya shi watan farko.

Malama Hauwa: Malam Sani, ranar Asabar za mu shiga da 'yan aji shida, in magadan sun ba da izini. Mota muke nema. Nawa za ka yi mana?