Gwaji ya wuce lafiya, amma aikin dare ya tsaya: me na bari?

Sabon Hannu:

Assalamu alaikum. Wata bakwai ke nan da aka mayar da ni sashen gwajin manhaja a bankin da nake aiki. Babbar kwamfutar IBM muke amfani da ita, mai tsarin aiki na z/OS, kuma yawancin shirye-shiryen da COBOL, wani tsohon yaren rubuta manhaja, aka rubuta su, wasu ma sun girme ni. Makon jiya aka yi ɗan gyara a shirin da ke lissafin ƙarshen wata. Ni na gwada, duk abin da ke takardar gwaji ya wuce, na sa hannu. Daren da aka sake shi, aikin dare, wato lissafin da kwamfutar ke yi da kanta cikin dare, ya tsaya cak da lambar kuskure S0C7, aka taso mutane daga barci. Da aka bi diddigi, ashe wani tsohon asusu ne da aka bar gurbin lamba ɗaya a cikinsa fanko, shirin ya je yin lissafi da shi. Ba wanda ya yi mini faɗa, amma abin ya tsaya mini a rai, domin kuɗin mutane ne. Don Allah, yaya mutum zai san gwajinsa ya isa?

Baba Mai Ritaya:

Wa alaikumus salam. Ɗana, S0C7 ya tashe ni daga barci fiye da yadda zan iya ƙirgawa, kuma kusan kullum dalilin ɗaya ne: an ba shirin abin da ba lamba ba, an ce ya yi lissafi. Bayanan da ka gwada da su, hannunka ne ya ƙirƙira su, shi ya sa suke fes. Na gaskiya sun shekara da shekaru suna kwasar datti daga hannuwa daban-daban. Ka nemi a ba ka kwafinsu, a ɓoye sunaye da lambobin asusu. Sai ka kunna tsohon shiri da sabon a kan bayanan rana guda, ka gwama sakamakon layi-layi. Duk inda suka saɓa, kada ka wuce sai ka san dalili.

Kuma kada ka yarda da "ai wannan ɓangaren ya daɗe yana aiki". Rokar Ariane 5 ta tarwatse ranar 4 ga Yuni 1996, kimanin daƙiƙa 40 da tashinta, saboda manhajar da aka ɗauko daga Ariane 4. A can ba ta taɓa ba da matsala ba. Sabuwar rokar ta fi gudu, wata lamba ta yi girman da gurbin ajiyarta mai bit 16 (ma'aunin girman gurbi a kwamfuta) ba zai ɗauka ba.

Injiniya Maman Biyu:

Baba ya gama magana a kan bayanai. Ni lokaci zan ƙara maka, ƙanena. Akwai kuskuren da ba ya fitowa sai na'ura ta daɗe a kunne. A Dhahran ta Saudiyya, ranar 25 ga Fabrairu 1991, na'urar kariya ta Patriot ta yi kusan awa 100 ba a kashe ta ba, agogonta ya zame da kimanin sulusin daƙiƙa, ta kasa tare makami mai linzami, sojojin Amurka 28 suka mutu. A 2015 kuma hukumar jiragen saman Amurka ta yi gargaɗi cewa Boeing 787 zai iya rasa wutarsa idan na'urorin kula da janaretocinsa suka kai kwana 248 a kunne. Gwajin minti goma ba zai taɓa ganin irin wannan ba. Ka bar tsarin yana aiki kwana da kwanaki da lodi mai nauyi, kana duba ƙwaƙwalwarsa. Ka tura agogon gwaji zuwa 29 ga Fabrairu da daren ƙarshen shekara.

Mai Gadin Dare:

Ni ina ganin ko duk ka yi waɗannan, wata rana sai ya faɗi, don haka a gwada faɗuwar ma. Idan aikin dare ya tsaya a tsakiya, za a iya ci gaba daga inda ya tsaya ba tare da an cire wa mutum kuɗi sau biyu ba? Kun taɓa kashe babbar kwamfutar da gangan ku ga ko ta ko-ta-kwana za ta karɓa? Ranar 14 ga Agusta 2003 manhajar ƙararrawa ta maƙale a wani ɗakin kula da wutar lantarki a Ohio, ta ko-ta-kwanar ma ta bi sahu, ma'aikata suka fi awa guda ba su sani ba. Kimanin mutum miliyan 50 a Amurka da Kanada suka shiga duhu. Mu da aka ɗora wa alkawarin cewa tsarin zai kasance yana aiki kashi 99.999 cikin ɗari na lokaci, minti biyar da 'yan daƙiƙu kawai aka yarda ya tsaya a shekara.

Sabon Hannu:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na nemi kwafin bayanan yau da safe, an ce sai sashen tsaro ya amince, na tura musu takarda. Mai Gadin Dare, tambayarka ta farko ta tayar mini da hankali, don ban taɓa tsayar da aikin a tsakiya na sake tayar da shi ba. Da ita zan fara ranar Litinin.