Wa Ke Riƙe da Ma'auni?

Baba Mai Tawada:
Na ɗora amsa-amo a kan "ni". Mai shigowa ya shigo da guzurinsa.

Da sunan Allah zan buɗe baki,
Shi ne ya mallaki dukkan sani.

Tambaya ɗaya na kawo muku,
Ta hana ni barci, ta cinye min yini.

Wani ya ce na sani don na ji,
Wani ya ce ni da idona na gani.

Wani ya ce na ƙirga, ga alƙaluma,
Wani ya ce hankali ne kawai tsani.

In su huɗun nan suka taru a fada,
Wa zai riƙe musu ma'auni?

Halifa Ma'amun ya aika wasiƙa Bagadaza,
A 833, ya sa malamai a ruɗani.

Shi ne fa mai son hankali da muhawara,
Mai sa a fassara hikimar Yunani.

Amma da hujja ta ƙi yi masa aiki,
Sai ya sa mari da sarƙa su yi bayani.

Bin Hambali ya ƙi cewa Alƙur'ani halitta ne, aka tsare shi,
Halifa Mu'utasim ya sa bulala ta fid da jini.

Malama 'Yar Gwaji:
Baba, na durƙusa, a ba ni hanya,
Ɗiyarka ta zo da ɗan magani.

Ibnul Haisam a birnin Alƙahira,
Ya duhunta ɗaki don ya gane gani.

Wasu magabata sun ce ido ke fid da haske,
Ya ce daga waje yake shigowa, ku bi ni.

Bai ce ku yarda don ni na faɗa ba,
Ya ce ku jera fitilu ku gwada ni.

Landan, 1854, kwalara na ɗiba,
Manya suka ce warin iska ne shaiɗani.

Likita John Snow ya bi gida gida yana tambaya,
Ruwan ina mamacin ke sha a yini?

Bincikensa ya nuna famfon titin Broad Street,
Aka cire hannunsa, aka sa hani.

Ma'aunin gwaji ba ya hannun sarki,
Talaka ma in ya maimaita zai gani.

Ɗan Shakka:
Malama, waƙarki ta yi daɗi, sai dai kin tsaya inda labarin ke miki kyau. A yi min haƙuri, ƙwar huɗu zan yi.

Da annobar ta lafa, ki tambaya,
Hannun famfon nan mai da shi aka yi,
Hukuma ba ta karɓi zancen Snow ba,
Ta koma kan warinta da sukuni.

Likita Semmelweis a birnin Biyana, 1847,
Ya ce likitoci ku wanke hannu da kulorin,
Mutuwar masu jego daga 18 cikin 100,
Ta faɗo kusan 2, ga shi a mizani.

Me ya samu? Manyan likitoci suka ji kunya,
A ce hannun mai daraja ke ɗauko ajali?
A 1865 ya mutu a gidan mahaukata,
Yana da gaskiya, ba shi da wani.

Lysenko na Sobiyet ma rigar kimiyyar noma ya sa,
Stalin na bayansa, wa zai ce a gwada?
Vavilov mai tara irin shuka na duniya,
Yunwa ta kashe shi a kurkuku, miskini.

Ƙirgar ma da kike taƙama da ita,
Risley mai ƙidayar Indiya ta 1901,
Hanci ya auna ya jera mutane hawa hawa,
Ya ce kimiyya ce ta raba jini da jini.

Goggo Tsohuwar Zuma:
Ni "ni" ɗinku ya ishe ni. Da "wa" zan shiga, wanda ya ji haushi ya biyo ni gida.

Yarana, duk kun tafi ga masu takarda,
Kun bar sanin da ke hannun tsohuwa.

Wasu masu digiri sun ce tsibiran Fasifik,
Iska ce ta watsa mutane, ba da niyya ba zuwa.

Sai Mau Piailug, mutumin tsibirin Satawal,
A 1976 ya hau kwalekwale bisa ruwa.

Daga Hawayi har Tahiti ba na'ura,
Sai tauraro, igiyar ruwa da tsuntsuwa.

Ya kai su lafiya, sannan aka ce ya sani,
Da can me yake, kafin isowa?

Tu Youyou ta Sin ta buɗe tsohon kundi,
Na Ge Hong, da ya kusa shiga mantuwa.

Ya ce a jiƙa ganyen a matse a sha,
Ta gane wuta ke sa ƙarfinsa mutuwa.

Dangin tazargade ya ba da maganin maleriya,
Nobel a 2015, an ceci jama'a da yawa.

Sanin yana nan tun ƙarni na huɗu,
Hatimi yake jira kafin a faɗa wa kowa.

Alaramma Mai Isnadi:
Goggo ta karya amsa-amo, amma ba a gyara wa uwa ɗaurin kallabi. Mu koma.

Kun ɗauki "na ji" kamar shi ne gurgu,
Alhali ji ma yana da nasa ma'auni.

Masu hadisi ba sa karɓar "an ce",
Wa ya ce? Daga wa? Shi kuma amini?

Sun haɗu kuwa? Ƙwaƙwalwarsa na riƙewa?
In ba haka ba a rubuta: akwai rauni.

Ibn Khaldun a 1377 ya ƙara mataki,
Ya ce a auna labarin da halin zamani.

Marubucin tarihi Mas'udi ya ce mayaƙan Bani Isra'ila 600,000,
Ibn Khaldun ya ce wane fili zai ɗauke su, nuna mini?

Yau fa? Saƙo ya faɗo waya da asuba,
Kafin azahar ya zama yaƙini.

Ba mai ruwaya, ba ranar aukuwa,
Sai "a tura wa goma", sai hoto mai launi.

Da sarki ke hana a yi magana,
Yau hayaniya ke binne bayani.

Malama 'Yar Gwaji:
Ƙanena Ɗan Shakka, ban manta da kai ba,
Duk wanda ka lissafa ka taimake ni.

Wa ya wanke Semmelweis in ba gwaji ba?
Masana Pasteur da Lister suka zo da burhani.

Kuma shakkar taka a kula da ita,
Ita ma haja ce a hannun sultani.

Masu bincike Doll da Hill tun 1950 sun nuna,
Sigari da kansar huhu, ɗaki ɗaya makwani.

Wani kamfanin taba a Amurka, 1969,
Ya rubuta cewa shakka ce hajarsa, ka ji ni?

Ba sai sun ce likita ƙarya yake ba,
Su ce "ba a tabbatar ba", su sayi ƙarni.

Ɗan Shakka:
Wannan ta shige ni, Yaya, ba zan ɓoye ba. Amma bari in gwada awon Alaramma a kan mai gida.

Baba, labarin Bagadaza da ka buɗe da shi,
Kana wurin ne, ko wa ya ba ka, ba ni?

Baba Mai Tawada:
Yaro, Ɗabari ya kawo wasiƙun a tarihinsa,
Malamina ya karanta, ya biya mini.

Ɗan Shakka:
Ɗabari 839 aka haife shi, Baba,
Shekara shida bayan wasiƙar, ka gani?

Baba Mai Tawada:
Ja'iri! To ɗauko min tabarau da juz'in,
Mu duba ko ya faɗi wa ya ba shi, zo ka taya ni.