Na'urata ta bin diddigin jirage ta daina hango na nesa

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata takwas ke nan da na haɗa 'yar na'urar bin diddigin jiragen sama a gidana a Kano: 'yar ƙaramar kwamfuta Raspberry Pi 3, da RTL-SDR, na'urar karɓar siginar rediyon nan mai kama da filash, da eriyar 1090 MHz, zangon da jirage ke aika saƙon inda suke, da na ɗaure a jikin ƙarfen tankin ruwa. Wayar da ta sauko zuwa ɗaki mita 15 ce. A da har jirgin da ke nisan mil 200 nakan kama. Tun ruwan farko da aka yi da iska makon jiya taswirar ta tsuke, ba na wuce mil 40. Masu tashi da sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano ina ganinsu sarai, amma masu wucewa can ƙololuwa sai sun zo kusan saman kaina. Na sake girka manhajar, ba canji. Kuma da rana tsaka wani lokaci komai yakan ɗauke ɗif na minti biyu, ya dawo da kansa. RTL-SDR ɗin ne ya mutu, in sayi wani?

Mai gyaran dish:
Wa alaikumus salam. Malam, riƙe kuɗinka tukuna. Da ya mutu, ko na filin jirgin ma ba za ka gani ba. Na kusa ya shigo, na nesa ya ɓace, ai ƙarfin sigina ne ke zubewa a hanya, kuma tun da ruwa ya tsokano abin, ni mahaɗar da ke gindin eriya nake zargi. Duk damina da wannan muke fama a dish. Ka hau, amma don Allah ba lokacin hadari ba, ka kwance mahaɗar ka leƙa. In ka ga danshi ko tsatsa kore-kore, shi ke nan. Kuma sharewa kaɗai ba ta isa, domin ruwa yakan bi saƙar wayar ya gangara ciki kamar lagwani. Ka yi ta yankewa har sai ka iske inda tagullar ke ƙyalli, ka sa sabon kai, ka naɗe da tef ɗin roba mai manne kansa, ka bi da baƙin salatef. Ka ɗan lanƙwasa wayar ƙasa kafin ta shiga bango, ruwa ya riƙa ɗiga a waje.

Injiniya:
Na yarda da shi. Amma kafin ka yanka komai, ɗauki Pi ɗin da fawa banki ka hau da su, ka haɗa da eriyar da gajeriyar waya. In nisan ya dawo, doguwar waya ce mai laifi. Wace iri ce ma? In siririyar nan ce mai suna RG58, a wannan mita 15 ɗin fiye da kashi uku cikin huɗu na siginar ke salwanta tun kafin ruwa ya taɓa ta. RG6 ta dish ta fi ta nesa ba kusa ba.

Ɗaukewar rana kuwa wata cuta ce daban. Rubuta wa Pi ɗin umarnin nan na duba wuta: vcgencmd get_throttled. In ya ba ka 0x0, wuta lafiya. In ka ga irin 0x50005, cajar ba ta ƙosar da shi. Pi 3 yana son volt 5.1 da amp 2.5, kuma RTL-SDR ɗin daga jikinsa yake sha.

Dattijon rediyo:
Ɗana, duba unguwarku ma, ko an kafa sabon ƙarfen sabis. Layukan waya na wajen 900 MHz suna kurmantar da waɗannan ƙananan na'urori, sai an sa matatar da ke barin siginar 1090 kaɗai ta wuce. Kuma kada ka ƙure gain, wato yadda na'urar ke ƙara ƙarfin sigina, a 49.6 kana kusa da filin jirgi, sauko da shi kaɗan-kaɗan kana lura. Wani abu kuma: jirgin da ke ƙafa 35,000 ba ya ganuwa bayan wajen mil 230 na teku, doron ƙasa ke tare shi. Ashe mil 200 ɗinka na da ba abin rainawa ba ne.

Mai gyaran dish:
Baba, da girmanka, ƙarfen sabis ba ya tsirowa a daren da aka yi ruwa. Ya fara hawa tankin dai.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Na hau da safe, ina kwance mahaɗar sai ga ruwa ya ɗigo mini a tafin hannu, allurar tsakiya ta yi kore shar. Sai da na yanke kusan mita ɗaya kafin na ga tagulla mai haske. Yanzu ina kama mil 170. Wayar kuwa RG58 ce, Injiniya, ranar Asabar zan sauya ta. Umarnin nan ya ba ni 0x50005, ashe yara sun musanya min caja da ta tsohuwar waya. Baba, na zagaya unguwa ban ga sabon ƙarfe ba, amma gain ɗin a ƙure yake. Da nawa zan fara ragewa?