Taron bita a Agege kan cunkoson Bitcoin: muhawara da ƙuri'a za su wadatar?

Ɗan Agege:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙungiyarmu ta matasa masu harkar kirifto a Agege na shirin taron bita na yini ɗaya, mutum kamar talatin. Rabi 'yan P2P ne, wato masu saye da sayar da kirifto kai tsaye tsakanin mutum da mutum, sauran masu koyon rubuta manhaja. Batun shi ne cunkoson Bitcoin, wato idan layi ya cika caji ya tashi har tura ƙaramin kuɗi ya zama asara. Kai ya riga ya rabu: wasu sun ce a ƙara girman bulo, wato ƙunshin ciniki da ake ƙarawa a littafin Bitcoin lokaci-lokaci, a huta, wasu sun ce Lightning ce mafita, wato hanyar biya da ke gudana a gefen babban littafin. Kwamiti ya ba da shawarar a yi muhawara da safe, a kaɗa ƙuri'a bayan la'asar, a fitar da matsaya. Haka ake yi? Me ya kamata mu tanada?

Injiniya Yaba:

Wa alaikumus salam. Malam, ku fara da cire ƙuri'ar nan. Ko duk mutanen Legas ne suka ɗaga hannu, ba abin da zai sauya a Bitcoin, domin doka tana cikin manhajar da kowace nod ke gudanarwa. Nod ita ce kwamfutar da ke riƙe da kwafin littafin ciniki tana tantance kowane bulo da kanta, kuma ba ta san an yi taro ba.

An riga an gwada hanyoyi biyu: taron da ba ya yanke hukunci, da taron da ke fitar da matsaya. Taron Scaling Bitcoin na farko an yi shi a Montreal a watan Satumba 2015, na biyu a Hong Kong a Disamba na shekarar. Masu shiryawa sun faɗa tun farko cewa ba za a yanke hukunci a zauren ba, kowa ya kawo lissafi da sakamakon gwaji kawai. A na Hong Kong ne Pieter Wuille ya gabatar da SegWit, sauyin da ke ware sa hannun ciniki gefe don bulo ya ɗauki ƙarin ciniki. Ɗaya hanyar kuwa ita ce yarjejeniyar New York ta Mayu 2017, inda manyan kamfanoni da masu haƙa, wato masu samar da sabon bulo, suka sa hannu a kan SegWit2x, cewa za a ninka bulo daga MB 1 zuwa MB 2. Sa hannun bai hana a soke ninkawar ba a Nuwamba 2017, saboda masu rubuta Bitcoin Core, babbar manhajar nod, da yawancin masu nod ba su bi ba. Waɗanda suka dage sai babban bulo sun riga sun ɓalle ranar 1 ga Agusta 2017 da Bitcoin Cash mai MB 8.

Abin da zan so ku yi da safe shi ne lissafi a kan allo, kowa da biro. Ana samun bulo ɗaya a kusan minti 10, wato 144 a rana. MB 1 sau 144 sau 365 ya ba da kimanin GB 52 a shekara. Mai da shi MB 8, idan bulo na cika, ya haura GB 400 a shekara. Sai ku tambayi zauren: da kuɗin data da faifan ajiya na yanzu, wa zai iya riƙe nod a gidansa? Duk wanda bai iya ba, dole ya dogara da nod ɗin wani. Wannan ne farashin babban bulo, kuma masu son sa su faɗe shi da bakinsu. Su ma masu son ƙaramin bulo su faɗi nasu: ciniki dubu biyu zuwa uku a bulo, wato kamar uku zuwa biyar a daƙiƙa ga duniya baki ɗaya, kuma idan layi ya cika, mai ƙaramin kuɗi ne ake bari a baya.

Sannan ku bambanta sauyi iri biyu, don a nan mutane suka fi ruɗewa. Akwai wanda ke ƙara tsaurara doka, tsohuwar manhaja na ci gaba da karɓar sabon bulo, kamar SegWit da Taproot. Akwai wanda ke sassauta doka, kamar ɗaga iyakar MB 1 kai tsaye, wanda duk nod ɗin da ba ta sabunta ba za ta ƙi bulon, sarƙa, wato jerin bulo, ta rabu biyu. Ko na farkon ma ba da sauƙi yake wucewa ba. SegWit ta buƙaci alamar amincewa a kashi 95 cikin ɗari na bulo guda 2,016 a jere, ta maƙale wata da watanni, sai a Agusta 2017 ta fara aiki bayan masu nod sun matsa lamba da BIP148, shirin ƙin duk bulon da bai nuna amincewa da SegWit ba. Taproot aka rage zuwa kashi 90, ta fara aiki a Nuwamba 2021.

Hajiya Mai Nod:

Injiniya ya gama da tarihi, ni bari in faɗi kayan aiki, domin bayan azahar bai kamata a ci gaba da surutu ba.

Ku raba mutane biyar-biyar, kowane rukuni da laftof ɗaya. A saka Bitcoin Core tun kafin ranar, a kawo shi a filasha, kada ku dogara da intanet ɗin zaure. Kada kowa ya yi gigin sauko da ainihin sarƙar, ta wuce GB 600. Ku yi aiki da regtest, wato sarƙar gwaji da kuke haƙa da kanku cikin daƙiƙa, kuɗinta ba shi da daraja. Rauta ɗaya ta isa ta haɗa laftof shida ko babu data, ana haɗa su da addnode ta tasha 18444. A tanadi inbata ko janareta da dogon soket mai baki da yawa.

Abubuwa uku ne ke tsayar da aiki kusan kullum. Na ɗaya, mutum ya haƙa bulo goma ya ga walet babu komai. Ladan haƙa ba ya kashuwa sai bulo 100 sun hau kansa, don haka a fara da generatetoaddress 101. Na biyu, tura kuɗi ya ƙi saboda nod ba ta da tarihin da za ta ƙiyasta caji, sai an sa fallbackfee=0.0002 a fayil ɗin saiti. Na uku, idan aka yi ta turawa daga tsabar kuɗi ɗaya ba a haƙa ba, za a ci karo da iyakar ciniki marasa tabbaci da ke hawa kan juna, 25 ne a yawancin sigogi. Maganinsa a haƙa bulo kamar 300 tun farko don walet ta samu tsaba da yawa.

Don a ga cunkoso da ido, a sa blockmaxweight=40000 a nod ɗin da ke haƙa. Bulo zai ɗauki ciniki hamsin da wani abu kawai. Kowane rukuni ya tura ciniki da caji daban-daban har layi ya kai ɗari biyu, sannan a haƙa bulo ɗaya, a duba wa ya shiga wa ya rage. Bayan haka a cire laftof uku daga rauta, kowane ɓangare ya haƙa nasa, ɗaya bulo biyar ɗaya bakwai, a mayar da waya. Mai biyar zai watsar da nasa ya bi mai bakwai, cinikin da ya ɗauka ya tabbata ya koma layi. Nan ɗan P2P zai gane dalilin jiran tabbaci kafin ya saki naira.

Alhaji Canji Ikeja:

Duk na yarda, amma Injiniya, kada a kai yaran nan su fito suna ganin Lightning ba ta da aibi. Buɗe tasha, wato hanyar biya tsakanin mutum biyu a Lightning, sai da ciniki a kan sarƙa, rufewa ma haka, to ranar da caji ya tashi ita ma ta yi tsada. Kuma tasha kamar kwanon awo biyu ce da hatsi ke kai-komo tsakaninsu: wanda ya zuba sat (mafi ƙanƙantar ɓangaren Bitcoin) miliyan ɗaya ya buɗe, zai iya turawa amma ba zai karɓi ko sat ɗaya ba sai ya fara kashewa. Ɗan kasuwar da aikinsa karɓa ne daga masu sayarwa, ɓangarensa zai cika da wuri, biya ya riƙa dawowa. Ga wuta: nod ɗin da ta daɗe a kashe ba ta karɓa, kuma tana buƙatar mai gadi da zai lura kada abokin tasha ya rufe da tsohon lissafi. Da yawa daga masu cewa Lightning ta yi musu sauƙi walet ɗin kamfani suke amfani da ita, makullin ba a hannunsu yake ba. A faɗi wannan a zauren. Akwai manhajar Polar da ke kafa tashoshin gwaji a kan regtest, sai dai tana buƙatar wata manhaja mai suna Docker, a sauko da komai tun a gida.

Abin da za su iya amfana da shi gobe-gobe shi ne adireshi. Ciniki na yau da kullum daga tsohon adireshi mai farawa da 1 yana cin kimanin bayit 226, daga mai farawa da bc1q kuwa kimanin 141. A caji na sat 20 a kan kowane bayit, wannan sat 4,520 ne da 2,820.

Ɗan Agege:

Allah ya saka da alheri. To idan babu ƙuri'a, me za mu rubuta a ƙarshen taro? Kwamiti zai so ya ga takarda.

Injiniya Yaba:

Shafi biyu sun isa, Malam. Na farko alƙaluman da kowa ya auna ya yarda da su, da saitin da aka yi amfani da shi don wani ya iya maimaitawa. Na biyu inda aka saɓa, kowane ra'ayi da hujjarsa mafi ƙarfi, kuma a sa ɗan ɗaya ɓangaren ne ya rubuta shi har masu ra'ayin su ce e, haka muke nufi. Kada a sa sunan wanda ya faɗi magana, mutane sun fi sakin baki a haka. A hana tallar kowane koyin ko dandalin ciniki a zauren, a kuma gargaɗi kowa kada ya buɗe walet ɗinsa ta gaskiya a kan rautar taro. Ku naɗa marubuta biyu, ɗaya daga 'yan P2P ɗaya daga masu manhaja, su haɗa abin da suka rubuta kafin a watse.