Daga Zariya zuwa Kubwa da tsohuwa: mota kai tsaye ko jirgin Rigasa?

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Ƙanwata da ke aure a Kubwa ta haihu, ranar Asabar kuma suna, saboda haka ni zan raka Hajiyarmu daga Zariya ranar Alhamis. Hajiya tana fama da ciwon gwiwa, dogon zama a takure yana wahalar da ita, ga kuma kayan barka da ta haɗa, har da rabin buhun gero da yajin jego da daddawa. Mu shiga mota kai tsaye daga nan, ko kuwa mu je Kaduna mu hau jirgin ƙasa a Rigasa?

Malama daga Kongo:
Wa alaikumus salam. Allah ya raya, ya ƙara wa mai jego lafiya. Ni dai jirgi zan zaɓa wa Hajiya, domin a cikinsa za ta miƙe ƙafa, ta tashi ta ɗan taka idan gwiwar ta sage, ga banɗaki, alhali a mota sai direba ya ga dama yake tsayawa. Kun kuma yi dace, don jirgin yana tsayawa a tashar Kubwa kafin ya ƙarasa Idu, ba sai kun shiga cikin Abuja kun dawo baya ba. Ka sayi tikiti ta intanet tun da wuri, saboda na ƙarshen mako yana saurin ƙarewa, kuma ka tanadi lambar NIN ɗinka da tata, domin tun da aka dawo da zirga-zirga a watan Disamba na 2022, bayan harin da aka kai wa jirgin a watan Maris na 2022, ake neman ta.

Tsohon Direban Kwangila:
Malama ta faɗi gaskiya game da cikin jirgi, sai dai ba a Zariya ake hawansa ba, kuma a nan ne wahalar take. Tsohuwar tashar Sabon Gari ba ta da alaƙa da wannan layin, sabon layin Kaduna zuwa Kano da zai biyo ta nan kuwa a 2021 aka ƙaddamar da aikinsa. Ɗana, ka lissafa da kyau: za ku shiga mota daga Kwangila ko Ɗan Magaji, ku wuce Jaji da Maraban Jos ku sauka a Kawo, sannan ku nemi wata ko Keke Napep da zai ratsa da ku ta Bakin Ruwa har ƙarshen Rigasa, a kowane sauyi kuma sai an sauke gero an sake lodawa, Hajiya tana tsaye a rana tana jira. Jirgi ba ya jiran kowa, motar haya kuwa ba ta tashi sai ta cika.

Shawarata ita ce ku yi sammako bayan asuba ku shiga Sharon mai zuwa Abuja, ka biya wa Hajiya kuɗin mutum biyu ta zauna gaba ita kaɗai, a tura mata kujerar baya. Titin Zariya zuwa Kaduna an gyara shi, kusan awa ɗaya ce. Ɓangaren Kaduna zuwa Abuja ne aikinsa ya ja lokaci, shi ya sa ba na son kowa ya bi Rijana da Katari da Jere da yamma. Kafin ka biya, ka tambayi ɗan kamasho ko motar a Zuba za ta juya, domin wadda za ta shiga cikin gari ce kawai za ta bi ta Dei-Dei ta ajiye ku a bakin Kubwa.

Malama daga Kongo:
Baba, ai ana iya raba Hajiya da kayan. A kai buhun tasha ranar Laraba a ba direba saƙo, a rubuta lambar wayar mijin mai jego a jiki ya karɓa, su kuma su ɗauki shatar mota daga ƙofar gida har tashar Rigasa, sauyi ɗaya ke nan.

Ɗan Tudun Wada:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa Hajiya duka, ta yarda da shata da jirgi, ta yarda a aika geron, amma ta ce yajin jego a hannunta zai tafi. Baba, ƙarfe nawa ya kamata mu bar Zariya idan jirgin safe za mu hau?