Iyayen da 'ya'yanmu ke buga wa makarantu wasa a Amurka, ku zo mu ba da shaida

Maman 'Yan Mata, Kafanchan:
Salama a gare ku 'yan'uwa cikin Ubangiji. Yarinyata ta biyu tana buga ƙwallon kwando a wata kwalejin shekara biyu a jihar Kansas, su ne suka ɗauke mata kuɗin makaranta da na ɗaki. Kakar wasansu daga Nuwamba ce zuwa Maris, kuma wasan da suka sa ƙarfe 7 na yamma, a nan ƙarfe 2 na dare yake kamawa. Ni da babanta da ƙannenta mukan taru kan waya ɗaya a falo, mu yi addu'a, mu yi ta neman lambar rigarta a cikin fili. Kakarsu ba ta san dokar wasan ba ko kaɗan, amma duk wanda ya ture jikarta sai ya sha faɗa daga Kafanchan. Ina so in ji naku. Yaya kuke yi, kuma me kuka fi gode wa Allah a kai?

Baban Auta, Bukuru:
Mama, sannunku da rashin barci. Nawa ƙwallon ƙafa yake bugawa, tasu kakar daga Agusta ce zuwa Nuwamba. Shekararsa ta fari kaf a benci ya yi ta. Lokacin da ya shiga, dokar rukuni na ɗaya na NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, ta ba ɗan wasa shekara 5 ya buga kaka 4 a ciki, shi ya sa koci kan ajiye sabon yaro shekara guda, atisaye kawai. Duk da haka ban fasa kallo ba. Kyamararsu ɗaya ce tal, can saman filin, tana bin ƙwallo. In ƙwallo ta fita ta gefen benci sai in hango shi, hula har kunne saboda sanyi, yana miƙa wa abokansa ruwa. Wannan ɗan hangen nake zuba wa data.

A majami'a mutane kan tare ni, "Yaya ɗan ƙwallonmu, ya ci nawa?" Sai in ce yana lafiya, yana karatu. Godiyata a shekarar nan ta fi tafiya kan yayarsa. Ita ta jinkirta sayen keken ɗinkinta aka cika kuɗin jirgi, kuma ko da wasa ba ta taɓa yi masa gori ba. Ranar da aka fara sa shi, minti kaɗan kafin a tashi, ita na fara tasa daga barci.

Goggon Yara, Maryland:
Ni ina nan Amurka, aikin jinya nake yi. Bari in faɗa wa na gida wani abu, don na ga ana yaudarar iyaye. Ba kowace makaranta ke biyan kuɗi saboda wasa ba. NCAA rukuni uku ce, kuma rukuni na uku ba ya ba da tallafin wasa sam, sai na ƙoƙarin karatu ko na ƙarancin hali. A sauran ma, da yawa rabi ake ba yaro ko ƙasa da haka, iyaye su cika. Ku karanta takardar da kyau kafin a sayar da fili.

'Yata gudun tsallake shinge take yi, a rukuni na ukun take. Hoton Tobi Amusan ne manne a ɗakinta, wadda ta yi wa Jami'ar Texas ta El Paso gudu, ta ci gasar NCAA a 2017, sannan ta kafa tarihin duniya da daƙiƙa 12.12 a 2022. Tamu ba ta kai can ba, ba kuma lallai ta kai ba. Amma ku zo ku ga maigidana ran gasa! Mutumin da ya kwana a wurin aiki, ya tuƙa mota zuwa wata jiha, don gudun da bai kai rabin minti ba. Yana tsaye jikin shingen waya da kular dambun nama, yana kiran sunanta da Hausa, Turawa na waiwayowa. Aure ya daɗe, amma a bakin filin nan na ƙara sanin wanda Allah ya ba ni.

Dattijo, Wusasa:
'Ya'yana, na ji daɗin shaidunku. Mu a Zariya wannan hanya ba sabuwa ba ce. Masai Ujiri a nan ya tashi, ya je ya buga wa kwalejin Bismarck a Dakota ta Arewa ƙwallon kwando, a lokacin tana irin ta shekara biyun da Maman 'Yan Mata ta ambata. Bai yi suna a matsayin ɗan wasa ba, amma shi ke shugabancin Toronto Raptors lokacin da suka ɗauki kofin NBA a 2019. Saboda haka kada kowa ya raina ƙaramar makaranta.

Abin da ke damuna shi ne Lahadi. Jikana ya ce mini wasu wasanninsu ran Lahadi ake yi, ko kuma suna cikin mota a hanya. Bulus ya gaya wa Timoti cewa horar da jiki tana da ɗan amfani, amma ibada ta fi ta ta kowace fuska. Jami'ar Brigham Young ta 'yan Mormon ba ta wasa ran Lahadi, kuma an san su da haka. Mu fa?

Goggon Yara, Maryland:
Baba, gaskiyarku ne, amma yaron da aka ɗauke wa kuɗin makaranta ba shi da bakin cewa ba zai shiga mota ba. Abin da na gani shi ne, a makarantu da yawa akwai zumuntar 'yan wasa Kirista, FCA, wadda take nan tun 1954. Sukan taru tsakiyar mako su yi nazarin Littafi Mai Tsarki. Ba daidai yake da sujada tare da jama'a ba, na yarda, amma ku tambayi jikanku ko yana zuwa.

Dattijo, Wusasa:
Zan tambaye shi, 'yata. Ban dai gamsu ba tukuna.

Baban Kande, Biliri:
Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Tawa shaidar daban ce. Muna cikin kallo yarinyata ta yi tsalle ta sauko, gwiwa ta juya. Kyamara ta bi ƙwallo ta bar ta a ƙasa. Muna jin ƙarar takalma, mai sharhi yana ta surutunsa, ita ba ma ganinta. Uwarta ta ɗora hannu a ka. Muka yi ta kiran wayarta, wayar tana cikin jaka a ɗakin canja kaya. Sai da gari ya waye a nan muka ji muryarta. Jijiyar gwiwa ce ta tsinke, sai tiyata, sai watanni na koyon tafiya da gudu.

Na sha karanta wa mutane ayar nan ta Tasalonikawa ta fari 5:18 da ta ce a yi godiya cikin kowane hali. A makon nan bakina ya yi nauyi. Biza ba ta samu ba, ba wanda ya je daga gida. Wasu tsofaffi biyu, mata da miji, daga majami'ar da take zuwa, su suka ɗauke ta zuwa gidansu bayan tiyata. Matar ta kira uwarta ta bidiyo ta ce a koya mata abin da yarinyar ke so ta ci. Haka aka yi darasin faten doya ta waya, da dankalin Turawa a madadin doya. Yanzu in muna addu'ar safe muna jero sunayen dangi, da nasu a ciki. Yarinyar ta koma fili, gudunta bai dawo kamar dā ba, amma ta kusa karɓar digirinta.

Kawun Samari, Numan:
Ku na Amurka kun cika wurin. Ɗan ƙanwata ya buga ƙwallon raga a wasannin jami'o'in Najeriya, NUGA, da aka yi a Jami'ar Legas a 2022. Motar dare na shiga na je. An fitar da su da wuri, amma ni da idona na gan shi, na kuma rungume shi da zufarsa. Da ya dawo muka yi baikon godiya, zumuntar mata suka raka mu gaba da rawa.

Goggon Yara, Maryland:
Kawu, ka fi mu morewa. Abu ɗaya kafin in tafi aiki, musamman ga Baban Auta da Maman 'Yan Mata. Tun Yulin 2021 an yarda 'yan wasan jami'a su karɓi kuɗin talla da sunansu, kuma yaranmu suna ganin abokansu na samu. Amma wanda ya shigo da bizar ɗalibi, F-1, dokar aikinsa daban ce, kuɗin talla na iya taɓa masa biza. Ku gaya musu kada su sa hannu a kan komai sai sun je ofishin ɗaliban ƙasashen waje na makarantarsu sun tambaya.